Yadda Ake Saita Kukan Jirgin Gwangwani

A Jamus akwai dattawa masu furfura da ke ajiye ƙananan jiragen ƙasa a ɗaka, waɗanda aka rage girmansu sau 87 daga na gaske. A cikin kan jirgin akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai ɗan yatsa ba, ita ke fitar da huci da usur da ƙarar birki. Da lambobi ake saita ta. A ta kamfanin ESU, lamba 63 ce ta ƙarfin murya, lamba 3 ta tashi, lamba 4 ta tsayawa.

To, mu ma a Gidan Amumune muna da jiragenmu. Gwangwanin madara uku ko huɗu, an huda su da ƙusa an sarƙe da waya, ƙafafu na tsohon silifa, bututun hayaƙi na karan gero. Na'urar kukan kuwa tana ƙasan hancin mai jirgin. Ba ta cin batir, fura take sha. Ga yadda za ka saita ta, ɗan'uwa.

Ka fara da gano irin kukan da ke fita. Galibi za ka ji jirgi na kukan babur, har da sauya giya. Kada ka yi wa yaro dariya, abin da kunnensa ya sani ke nan. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, amma bai taɓa ratsa ƙasarmu ta Mayahi ba. Nemo masa hoton bidiyon jirgi a waya, ku saurara tare, sau biyu ya isa.

Sai batun tashi, kuma nan ne gwaninta take. Jirgi ba akuya ba ne da zai zabura. Nauyi gare shi. A fara da usur ɗaya dogo, a yi shiru kaɗan, sannan "cuk… cuk… cuk", kamar mace ɗaya ta fara daka da asuba. A hankali ta biyu ta sa taɓaryarta, ta uku ta shigo, har luguden ya haɗu. Idan jirgin na gawayi ne, huci huɗu ake yi a kowane zagayen ƙafa. Turawan nan kan ɓata yini guda suna neman daidaita wannan da lambobi. Kai alli kawai za ka ɗiga a jikin ƙafar silifa, yaro ya riƙa kallo yana ƙirgawa. Lissafin da ya ƙi shiga a lakwal, a nan zai shiga.

Ƙarfin murya kuwa, ka bar wa kakarsa. Tana cewa "kai, ɗan nan!" daga cikin ɗaki, murya ta ragu da rabi. Lokacin sallah a kashe gaba ɗaya, jirgi ya tsaya a tasha, wato gindin turmi.

Wani lokaci na'ura kan rikice. Ƙane ya taka tarago, usur ya koma kuka na gaske mai hawaye. Masu lambobi, in abin ya cakuɗe musu, sukan rubuta 8 a lamba 8, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Namu maganin, a miƙe gwangwanin da dutse, a ba injiniya ludayi biyu na fura, a naɗa ƙanen mai karɓar tikiti.

Abu ɗaya nake roƙo, kada a ce wa mai jirgin ya daina shirme. Yaron da ya gane cewa abu mai nauyi ba ya tashi da gudu, ya riga ya fara karatun inji. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara shiga Maradi, ka tanadi kuɗin mota na mutum biyu, ka kai shi tasha ya ji da kunnensa. A tafi da gwangwanin.