Zuwa Ga Ɗan Goggo, Injiniyan Gunji

Ɗan Goggo, bawana na gado, labari ya iso mana Gummi cewa ka zama injiniya a Bukkuyum. An ce ka kwashe kuɗin gyaɗarka ka sayo ayisi da kondensa da taransifoma, ka haɗa amfilifayar hedifon da hannunka, wai don ka sha kotson Ɗanƙwairo kai kaɗai. Madalla. Sai dai duk wanda ya sa abin a kunne cewa yake kamar an rufe rina a gora, Ɗanƙwairo na can baya yana neman hanyar wucewa.

Kai kuma ka bi kowa da laifi. Yau wuta ce ba ta da kyau, gobe mai shago ne ya sayar maka da jabu. Ka cire ayisi ka sa wani, gunji bai motsa ba. Har na ji Goggo na cewa, "Wanga abu a yi mai hayaƙi." Ka bar baiwar Allah ta huta da garwashinta. Aljanin yana cikin haɗinka.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi, tunda na san hannunka. Zare filogi, ka ɗora abin a kan batir mai bolt 9. In gunjin ya ɗauke, ayisinka ba shi da laifi, ka nemi gafararsa. Wutar ƙasar nan tana kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa, kuma kukan nan mai kauri muryarta ce. Taransifoma na watsa maganaɗisu a kewayensa, kai kuma ka bi da wayar shigar sauti ta jikinsa, tsirara, ba rigar kariya. Me kake so ta ɗauko? Matsar da shi nesa, ka murɗe wayoyin wuta biyu-biyu, wayar sauti kuma ta zama mai saƙar ƙarfe a jiki. In kukan ya ɗan fi siriri, wato sau 100, daga bayan dayod huɗun da ke bin taransifoma yake fitowa: kondensar da ke lallashe wutar ta yi ƙanƙanta, ko kuwa tsohuwa ce da ka ciro daga rediyon Kawu, ta bushe. Duba kanta, in ya kumbura ka jefar.

Inda na fi zarginka shi ne wayar ƙasa. Na san aikinka tun muna yara, ko igiyar akuya ba ka iya ɗaurewa wuri ɗaya. Ka liƙa ƙasa a nan, ka liƙa a can, ka sake liƙawa a jikin soket, har wayar ta zagayo ta zama zobe. Zoben nan shi ke kama gunji ya miƙa wa ayisi, ayisi kuma ba ya tambaya, duk abin da aka ba shi ƙara masa murya yake. Tara dukkan wayoyin ƙasa su haɗu a ɗigo ɗaya kusa da babbar kondensa. Sannan gwada wannan: haɗe bakin shigar sauti da ƙasa. In aka yi tsit, ɓarnar daga waje take shigowa, ta igiya ko ta wayar salularka. In ba a yi ba, tana ciki.

Shuuu ɗin da ke tashi ko ba waƙa, wannan haɗamarka ce. An ce ayisin LM386 ka sa. Shi da kansa yana ninka sauti sau 20, amma ka ɗora kondensa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya koma 200, alhali kunne biyu kacal kake ciyarwa, ba taron kasuwar Daki Takwas ba. Cire ta. Tsiwar da ke zuwa in ka jona caja kuwa, ta cajar arha ce, kada ka saurara kana caji. Dit-dit-dit ɗin da ke riga kira shigowa ba karama ba ce, salula ce ka ajiye a kan akwatin.

Akwatin ma abin magana ne. Chu Moy, wanda ƙirarsa ta amfilifayar hedifon, CMoy, ta zagaya duniya, masu bin sa a gwangwanin alawar minti suke haɗawa, domin ƙarfe in an haɗa shi da ƙasa yana tare hayaniya. Kai ka zaɓi robar sabulun matarka.

Abu ɗaya ban da wasa: dalmar liƙi guba ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a 'Yargalma da Dareta da Bagega a 2010 ba mu da uzuri. Daina riƙe ta da haƙori, ka wanke hannu kafin tuwo, ka kori yara daga wurin. Kuma kada ka taɓa ɓangaren bolt 230 filogi na jone, don ba ni da wani bawan.

In duk ka yi wannan bai yi shiru ba, ɗauko shi ka shigo motar Gummi. Ladan gyara zabi biyu ne, kuma kai za ka fige.