Tsegumi: Tsofaffin makaɗan jita sun koma situdiyo, zango ya hana kansa barci

Ku matso kusa, maganar ba ta lasifika ba ce. Ƙishin-ƙishin ɗin da ke yawo tsakanin Inugu, Anacha da Fatakwal shi ne wai wasu dattawan makaɗan rok, irin waɗanda suka girgiza Gabas bayan yaƙin basasa, sun lallaɓa situdiyo sun naɗi sababbin waƙoƙi. Sunan ƙungiyar kuwa, wanda ya raɗa mini sai da ya sa na rantse, ni kuma ban shirya azumin kaffara ba. Iyakar abin da zan faɗa, uku ne suka rage cikin waɗanda suka kafa ta: ɗaya ya zama fasto, ɗaya yana sayar da kayan gyaran mota, na ukun har yau yana rina gemu yana cewa bai tsufa ba.

Mai karatu a Kano zai ce ina ruwan biri da gada. To akwai ruwa. Da aka ajiye bindiga a Janairun 1970, garuruwan Gabas cike suke da sojan tarayya, da yawansu 'yan Arewa, kuma su ne masu albashi a aljihu. Samarin da suka fito daga yaƙi ba su da ko igiyar jita. Hafsoshi ne suka saya wa ƙungiyoyi da dama kayan kiɗa, su kuma suna yi musu wasa a bariki da otal. A wannan yanayi aka samu Funkees da Wings da Apostles a ɓangaren Aba, Strangers a Owerri, Hygrades ta Goddy Oku a Inugu, Founders 15 a Fatakwal. Sai kuɗin Udoji suka faɗo a 1975, kowane ma'aikaci ya dawo gida da na'urar faifai a ka. Kurtun da ya kwana yana taka rawa a wancan zamani, shi ne dattijon da ke sahun gaba a masallacin zango yau. In kana son ganin fushinsa, ce masa kiɗan nan ba nasu ba ne. Nan take zai tuna maka cewa mawaƙin Funkees sunansa Mohammed Ahidjo, ya kawar da kai kamar ya gama shari'a.

Saboda haka da labarin ya iso bencin 'yan canji na Owerri Road a Inugu, ba a tsaya tambayar ko waƙoƙin na da daɗi ba. Kai tsaye aka shiga gardamar yadda za a tallata su.

Akwai wani Alhaji a wurin, kowa ya san shi da tasbaha a hannun dama, kalkuleta a hagu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a ƙasan durowarsa, bayan ƙullin robar ɗaure kuɗi da tsofaffin rasit, akwai faifan garmaho naɗe cikin ɗankwali. Kwalinsa ya ci ruwa ta gefe ɗaya, amma ana ganin samari biyar da tulin suma, wando ya matse cinya ya baje a ƙafa, takalma masu tudu kamar turmi. Shi dai shawararsa ɗaya ce: a yi lancin. A kama zauren otal, a gayyato gwamna da sarakuna da Sarkin Hausawa, a sa babban ɗan kasuwa ya buɗe faifai da miliyoyi, a tashi.

"Kawu, ka yi haƙuri, lancin ya mutu," in ji ɗan ƙaninsa, yaron da ke riƙe masa wayar turin kuɗi. "Waɗanda za su zo ba waƙa za su saurara ba. Su yi alkawarin kuɗi a lasifika, gobe a kira su waya a kashe."

"To kai mai ilimi, sai a yi yaya?"

"A samu mai barkwanci ya yi rawa da ita a TikTok. Ba ka ga Baba Ejeagha ba?"

Yaron ba ƙarya ya yi ba, kuma a Inugu abin ya faru, a gaban idon kowa. A Yulin 2024 mai barkwanci Brain Jotter ya ɗauki wata waƙar tatsuniya da Mike Ejeagha ya yi tun 1983 ya haɗa ta da wata rawar wurga ƙafa. Kafin wata ya ƙare, daga ɗalibai har 'yan ƙwallo kowa na yi, baƙi suka yi ta sintiri gidan tsohon a Abakpa Nike, daga baya Gwamna Peter Mbah ya sa wa titi sunansa. Ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 95, ya ga abinsa da idonsa. Sai dai ni a ganina yaron ya tsallake abu biyu. Na farko, ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Da ana sayen irinsa da kuɗi, da masu kuɗi sun saye shi tuni. Na biyu, tsohuwar waƙa ce ta tashi, ba sabuwa ba. Haka ma William Onyeabor, shi ma ɗan Inugu: a 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara tsofaffin waƙoƙinsa duniya ta ɗauka, shi kuwa ya riga ya koma ga addini, bai hau dandali ko sau ɗaya ba har ya rasu a Janairun 2017. Duniya na son tsohon makaɗi da tsohon kiɗansa. Sabon kiɗan tsoho, wannan wani ciniki ne dabam, kuma shi ne cinikin da ke gaban mutanen namu.

A Anacha aka fi yin maganar da hankali, wataƙila don zaman gidan Litinin da aka saba da shi tun 2021 ya koya wa mutane doguwar hira. Can wajen Bida Road akwai wani matashi mai tura waƙa. Shagonsa tebur ne da laima, da kwamfuta mai fasasshen gilashi, da gwangwanin madara cike da memori. Direba zai miƙo waya ya ce a zuba masa wa'azi kaɗan, Shata da yawa, sauran wurin kuma duk abin da ke tashe. To wannan "duk abin da ke tashe" ɗin, yaron ne ke yanke hukuncinsa, ba wani gidan rediyo ba. Motar da ta sauke albasa da tumatir a bakin gada za ta juya da manja, ta bi ta Lakwaja, kafin jibi waƙar tana Kano. Shi shawararsa a ba su waƙa ɗaya kyauta, su da abokan sana'arsa na Garrison a Fatakwal, a zuba ido.

Wani malamin makaranta da ke wurin ya mara masa baya da misalin da ya rufe bakin kowa. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita da hagu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, ba kamfani ba talla. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke ya tsince su a memori ya sa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011. Yau mutumin yana cika zaure a Turai da Amurka. Ya ƙara da cewa Anacha ba baƙuwar wannan harka ba ce: waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, da EMI ta ƙi karɓa, kamfanin Rogers All Stars na nan garin ne ya fitar da ita a 1976 ta mamaye Afirka, ga kuma Tabansi da ya yi zamaninsa.

Sai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sayar da kaset ya gyara zama. "Ɗan nan, kai za ka karɓi kuɗin turi, direba ya ji daɗin hanya. Su tsofaffin fa, me zai shiga tukunyarsu? Mu muka yi wannan sana'a kafin a haife ka. Mun san wanda ya ci, mun san wanda ya mutu a gidan haya." Aka yi tsit. Malamin ya so ya farfaɗo da hirar da labarin U2, waɗanda a 2014 suka haɗa baki da Apple aka cusa sabon kundinsu cikin asusun mutum miliyan 500 ba tare da an tambaye su ba, mutane suka yi ta masifa har kamfanin ya fito da hanyar goge shi. Aka yi dariya, amma tambayar dattijon ba wanda ya amsa ta.

Fatakwal kuwa, a gidan kallon ƙwallo na Mile 3 aka yi tata, don haka kun san inda ta dosa. Wani ɗan Barcelona ya tuna wa jama'a ranar 28 ga Oktoban 2023, da ƙungiyarsa ta fito karawa da Real Madrid da hoton jan harshe a ƙirji. Tambarin Rolling Stones ne, suna tallar Hackney Diamonds, kundinsu na farko na sababbin waƙoƙi tun 2005, Mick Jagger na zaune a filin yana ɗan shekara 80. Kafin nan ma sun yi wata dabara: suka sa talla a wata ƙaramar jaridar unguwa a Landan kamar ta kamfanin gyaran gilashi, suka bar masoya suka gano da kansu. To me zai hana, in ji shi, a buga sunan dattawan nan a rigar Rangers ta Inugu, wadda a 1970 aka kafa ta, ko ta Enyimba? Wani ɗan Madrid daga baya ya ɗaga murya ya ce a tuna masa yadda aka tashi wasan. Biyu da ɗaya, Bellingham ya zura duka biyun. Daga nan ba a sake jin maganar kiɗa ba sai da mai gidan ya kashe janareta.

Wadda ta faɗi magana mai nauyi a garin ba ta ma shiga gidan kallon ba. Wata Hajiya ce mai tuwo, tana kwasar miya tana cewa, "Ku dai maza da son gajeriyar hanya. Su fito su kaɗa mana a gani. In hannu bai mutu ba, kunne zai sani." Ba ta taɓa jin sunan WITCH ta Zambiya ba, amma hanyarsu ta bayyana. Su ma taurarin rok ne na shekarun 1970, suka watse, jagoransu Jagari Chanda ya koma haƙar duwatsu masu daraja. Aka sake buga tsofaffin faya-fayansu a 2012, ya ɗauki matasan makaɗa ya yi shekaru yana yawon wasa da tsofaffin waƙoƙi, aka yi fim a kansu a 2019, sai a 2023 suka fitar da sabon kundi, na farko cikin shekara 39. Sunan kundin ma Zango, abin da ya sa wani ya rantse Hausawa ne. Da tsohuwar zuma suka yi maganin, sannan suka kawo sabuwa. Kuma ƙofar a buɗe take ga namu, don tun da kamfanin Soundway ya fitar da tarin rok ɗin Nijeriya a 2008, kamfanin Now-Again ya biyo da Wake Up You! a 2016 tare da rubutun Uchenna Ikonne, masu neman tsofaffin faya-fayai ke bin lungunan Gabas, wani faifan ma ɗaruruwan daloli ake sayensa a waje. In da ni ake tambaya, Hajiya ce ta ci gardamar.

Amma duk wannan hira ce ta masoya. Ga abin da ya sa na ce ku matso.

Ba rashin dabarar talla ne ya riƙe waƙoƙin ba. Majiyata ta ce ɗan marigayi mawaƙin ƙungiyar ya aiko da takardar lauya, wai sunan gadon ubansa ne, ba mai buga shi a kwali sai an zauna da shi. Tsofaffin zango ba su yi mamaki ba, sun ga irinta: da Spud Nathans ya rasu a hatsarin mota a ƙarshen 1974, Wings gida biyu ta rabu, Original Wings da Super Wings, kowa na cewa shi ne na gaskiya. Shi kuma faston, wai bayan an gama naɗi ya dawo ya ce waƙoƙin soyayya biyu ba su dace da matsayinsa ba, a sauya musu baiti su zama na coci, mai rina gemu ya ce sai dai bayan ransa. Ana cikin haka wani Bature ya aiko da tayin sayen tsofaffin tef-tef ɗinsu, sai aka tarar ba wanda ya san takamaimai a gidan wa suke, ko kuma wanda ya sani ya yi gum.

Kuɗin situdiyon fa, wa ya biya? Ku koma Owerri Road, ku dubi mai tasbaha da kalkuleta. An ce da sharaɗi ya bayar, kada sunansa ya fito ko a godiya, don yana neman kujera a kwamitin masallaci. Shi ya sa yake ta nacin lancin: so yake uwar kuɗinsa ta dawo a dare ɗaya, ba tare da an ga hannunsa ba. Na'urar da aka adana waƙoƙin ma an ce tana cikin durowar nan, kusa da ɗankwalin.

Sai dai yaron situdiyo ya riga kowa. Wani direban tirela da ya tsaya shan shayi a Ninth Mile ya kunna wa majiyata wata waƙa a wayarsa, jita na kuka, muryar tsoho na bin ta. Ɗaya ce daga cikin biyun da fasto ya hana. A memorin an rubuta mata "tsohon kiɗan Ghana", direban kuma ya ce a Anacha aka zuba masa, ya riga ya tura wa mutum huɗu a Lakwaja. Alhaji ya ji labari ranar Juma'a bayan an sauko. Ya aika a nemo masa yaron situdiyon, aka ce ya tafi ƙauye jana'iza, ba a san ranar dawowarsa ba.