Jinjina ga Alhajin da Bai San Alƙalami Ba

A tafa wa Alhaji, namijin duniya, wanda ya tara gidaje a unguwa uku da gonaki a ƙauye, ya haura shekara saba'in bai taɓa ɓata takarda da rubuta wasiyya ba. In an taɓo masa zancen sai ya haɗe rai ya ce, "Mutuwa kuke yi mini fata?" Gaskiyarsa. Ai kowa ya san ajali ba ya tasowa sai ya ji motsin alƙalami.

Ga shi da fiƙihu. Amsarsa kullum ita ce Allah ya riga ya raba gado, kuma haka ne, Suratun Nisa'i ta yanka wa kowa rabonsa. Sai dai ayoyin nan sun yi ta nanata cewa rabon yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi, Alhaji kuwa saboda tsabar tawali'u a nan karatunsa yake tsayawa. Sa'ad bin Abi Waƙƙas, yana kwance ba lafiya a Makka, ya nemi ya bayar da kaso biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a sulusi. Shi sai da aka riƙe masa hannu. Namu Alhajin ya hutar da kowa, ko anini bai ware ba.

To wa ma zai ci sulusin? 'Ya'yan babban ɗansa da ya riga shi rasuwa, waɗanda baffanninsu suka shamakance su daga gado. Agolan da ya tashi a zaurensa. Yaron shagon da ya yi furfura a bayan kanta. Masar ta kasa jure kukan irin waɗannan jikoki, a 1946 ta yi doka ta wajabta musu wasiyya. Alhaji ya fi Misirawa tawakkali, ya ce baffanni za su riƙe marayu. Za su riƙe mana, da filin ubansu za su fara.

Batun bashi kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta shi ta sauka. Alhaji a ka yake ajiye nasa lissafin, har da kuɗin amanar mutane, wurin da ɓarawo ba ya kaiwa, magada ma haka. Ya taɓa ce wa uwargida a ɗaka, "Gidan nan na ba ki," ba shaida, ba takarda, bai kuma fita ya bar mata shi ba. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma cikin gado, don haka baiwar Allah za ta raba tumuni da kishiyoyi uku, tana rantsuwa ana yi mata kallon mai son zuciya.

Babban alherinsa sai bayan sadakar arba'in yake bayyana. Lauyoyi su samu na cefane, dillalan filaye su samu la'ada, shari'a ta tashi daga kotun unguwa ta kama hanyar ɗaukaka ƙara, in da rabo har Kotun Ƙoli a Abuja. 'Yan uban da ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa su, ga su yanzu a benci ɗaya wata bayan wata, suna jiran magatakarda ya faɗa musu ranar da aka sake ɗage zama.