Katanga Ko Ciko?

Mu nan ƙasar Kura da Bunkure, ruwa ne arzikinmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo kanal ta ratsa gonakinmu, ba mu san zaman rani ba: a cire shinkafa, a zuba alkama ko tumatir. To amma ruwan nan da ke cika mana buhu, shi ne kuma yake bi ta ƙarƙashin ƙasa ya iske iyayenmu a makwancinsu. A gefen makabartarmu da ke kallon kanal, kafin mai haƙa ya kai ƙugu, ruwa ya fara tsattsafowa.

Shi ya sa zaman kwamitinmu na makabarta ba ya rasa gardama. Ranar Juma'a bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. A cikinmu akwai ɗan Izala, akwai ɗan ɗariƙa, akwai mai kadada goma, akwai ɗan ƙwadago, kuma kowa yana da nasa a kwance can ciki.

Bana, da aka tara kuɗi bayan girbin shinkafa, samari suka ce katanga. Hujjarsu a fili take: awaki na hawa kan kaburbura, masu babur sun fitar da hanya ta tsakiya, gonar da ke maƙwabtaka kuma duk shekara sai kunya ɗaya ta ƙaru. Dattijon da ya fi kowa daɗewa yana haƙa bai tanka ba, sai da suka gama. Sannan ya kwance bakin ƙyalle, ya ajiye curin ƙasar da ya ɗebo daga kabarin jiya. Ya matsa ta da hannu, ruwa ya ɗiga a tabarma.

"Yarana, katanga ta tare akuya. Wannan fa?"

Wani saurayi ya ce, "Baba, gaskiyarka, amma in aka cinye filin, ina za mu zuba cikon?" Ba wanda ya ce masa ya yi rashin kunya, kuma wannan hali namu ina sonsa har raina. Ba ma katse mai magana, ko da jikan wani ne. In za a saɓa wa liman ma, sai a ce, "Allah gafarta Malam, akwai ɗan gyara."

An kai magariba ba a daidaita ba, aka tashi salla. Juma'a ta gaba aka tsayar: tifa-tifar jar ƙasa da magudanar ruwa tukuna, iyaka kuma a kafa mata turaku a gaban mai gonar, bulo sai kaka mai zuwa. Ni katanga na goya wa baya, kuma har gobe ina ganin da ita ya kamata a fara. Ranar gayya da sassafe na tarar da saurayin nan ya riga ni, shebur a kafaɗa, yana tambayar Baba ta ina za a soma zubawa.