Minti Biyu Da Rabi: Irin Mutanen Da Ke Zuwa Gasar Mutum-mutumin Yara

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni. Shekarunsa 11, kuma tun da makarantarsu ta sa shi a ƙungiyar haɗa mutum-mutumi, gidansu ya zama sai da takalmi: ko'ina 'yan bulon roba ne a warwatse, duk wanda ya taka ɗaya da tafin ƙafa sai an jiyo salatinsa daga zaure. Ranar gasa uban ya yi tafiya, aka ce Kawu ya raka shi. Na biya gidan da sassafe, na tsince abin da na gani a hanya don kada ya ji wa wani ciwo, muka kama hanya. Injuna na je kallo, amma mutane na ƙare da kallo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gasar ita ce FIRST LEGO League, wadda aka fara a 1998 da haɗin gwiwar kamfanin LEGO na Denmak da ƙungiyar FIRST, wadda wani mai ƙirƙira ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa a 1989. Ƙungiya ba ta wuce yara 10. Za su haɗa 'yar na'ura mai tayoyi, su rubuta mata umarni a kwamfuta, su ajiye ta kan teburi mai shimfiɗa, su danna. Daga nan babu rimot: ita kaɗai za ta je ta tura wannan, ta ɗaga wancan, ta ɗauko wani abu ta dawo gida, wato wurin da ta tashi, duk cikin minti biyu da rabi. Sau uku ake gwadawa, a ɗauki maki mafi yawa, sannan akwai ɗakin da yara ke shiga su yi wa alƙalai bayani.

A duk zauren, mutum-mutumi ne kaɗai ba shi da hali. Abin da aka rubuta masa shi yake yi, ba ya kara, ba ya rufa wa kowa asiri. Shi ya sa a gefensa halin kowa ke fitowa fili.

Wallahi Jiya Ya Yi

Shi ne mai rubuta umarni. Za ka gane shi da jajayen idanu da kwamfuta a hammata. Ana dannawa, na'urar da ya kamata ta yi dama sai ta yi hagu, ta je ta rungumi bangon teburi tana kartar ƙasa kamar rago a turke. Yaro ya dafe kai ya dubi alƙalin wasa: "Wallahi, Malam, jiya ya yi!"

Abin tausayin, gaskiya yake faɗi. Jiya batir cike yake, yau ya ja baya, ƙarfin injin ya canja. Jiya tayoyi fes suke, yau ƙurar hunturu ta hau su suna santsi. Na'urar gane launi da ke bin baƙin layi ta saba da hasken ajinsu, yau ga fitilun zaure. Ga kuma ajiyar farko: in aka karkace da digiri ɗaya tak, kafin a ci mita ɗaya an kauce da kusan santimita biyu, alhali ƙugiyar da za a kama ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Yaron ya san duk wannan, sai dai rantsuwa ta fi bayani saurin fita. Da ana ba da kofin jiya, da kowace ƙungiya ta koma gida da nata.

Bari In Ɗan Taɓa

Abokin na farko ne, kuma shi ne silar yawancin hawayensa. Saura minti biyar a kira su, komai na tafiya daidai, sai ilhama ta sauko masa. "Lamba ɗaya kawai zan canja, ya ƙara gudu." Ya canja. Gudu kam an samu, har sai da na'urar ta kwashe kayan da ta riga ta jera ta watsar. Aka ce ya mayar yadda take, ya ce ya manta lambar farko. Garin gyaran gira ido ya tafi, shi kuwa yana nan yana tabbatar wa kowa cewa tunanin mai kyau ne, lokaci ne bai isa ba.

Mai Ƙaiƙayin Hannu

Doka ta ce da zarar na'ura ta bar gida, kada a taɓa ta. Akwai 'yan alamomi shida kamar kwabbai a gefen teburi, duk taɓawa ɗaya alƙali ya ɗauke guda, in suka yi ta raguwa maki su ragu. Wannan yaron ya haddace dokar, har yana karanta wa wasu. Amma da ya ga taya ta ɗan karkata, hannunsa ba ya shawara da shi. Caraf! Alƙali ya ɗauke kwabo, yaro ya dubi hannun nasa kamar na aro ne. Na ga ƙungiyar da ta yi maganin nata: an sa shi ya zura hannuwa a aljihu, wani na tsaye a bayansa yana gadi.

Alhaji Injiniya

Uba ne, kuma da gaske injiniya ne, nan matsalar take. Na'urar ƙungiyar ɗansa ta fi ta kowa kyau, wayoyi a ɗaure tsaf, ba abin da ke lilo. Yana tsaye bayan igiyar da ta raba 'yan kallo da teburi, leɓensa na motsi, yatsunsa na danna iska. In an yi nasara ya ce "mun yi," in an faɗi ya ce "yaran nan ba sa jin magana."

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɗakin alƙalai yara ne ke amsa tambaya, kuma tambayar ba ta da wuya: me ya sa kuka sa wannan a nan? Ɗan ya fito idonsa ya ciko. Uban ya tare shi: "Me ka ce musu?" Yaro ya ce, "Abba, na ce ku ne kuka ce kada in taɓa wajen." Ban ga Alhaji ya sake danna iska ba har aka tashi.

Kakaki

Tun da aka fara atisaye bai taɓa haɗa bulo biyu ba, amma ba shi makirfo ka sha mamaki. Kowace ƙungiya takan kawo wata matsala ta duniya da dabarar magance ta, shi kuwa a bakinsa kwalin da aka manna wa fanka ya zama maganin ƙarancin wutar Afirka baki ɗaya. Yana cewa "bincikenmu ya nuna," binciken nan kuwa kakarsa aka tambaya. Kada a raina shi. Na ga masu na'ura mai kyau sun shiga gaban alƙalai sun yi tsuru-tsuru kamar an kama su da satar mangwaro, shi kuwa ya fito da nasa suna tafi.

Malam Robota

Kalmar robot ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, a 1920, asalinta kuma "robota", wato aikin tilas. In ma'anar asali za a bi, robot ɗaya ne a zauren nan, shi ne malamin da ke horar da ƙungiya. Labarin ƙasa yake koyarwa. Wata rana shugaban makaranta ya gan shi yana gyara wayarsa, ya ce, "Malam, ashe ka san kwamfuta," aka miƙa masa akwati.

Tun ranar bai sake ganin Asabar ba. Da dare yana YouTube da kuɗin datarsa yana koyon abin da zai koyar gobe, da safe yara 'yan shekara 10 su gyara masa. A jakarsa akwai caja uku, salatif, maganin ciwon kai, da wayar wuta mai baki shida. In aka ɗauke wuta shi ne mai gudu wurin janareta. In an ci kofi, shugaban makaranta ne a tsakiyar hoto, kafaɗar Malam kawai ake gani a gefe.

Hajiya Mai Kula

Ita ba ta san dokar wasa ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta zo da kula biyu, dambu da zoɓo, ta ciyar da ƙungiyar ɗanta da abokan karawarsu da alƙalin da ya rage musu maki. Kafin a fara ta sa aka kawo mata na'urar ta tofa mata addu'a, mai umarni na kare na'urar gane launi da tafin hannu. Ana dannawa ta rangaɗa guɗa, ta yi ta tafi har ƙarshe. Sai da aka gama ɗan ya zo ya ce, "Umma, wancan teburin ne namu."

Babban Baƙo Da Abokinsa Mu-A-Zamaninmu

Babban Baƙo ya iso bayan azahar, a taron da aka buɗe da hantsi. Aka tsayar da wasa, ya yi jawabin yara manyan gobe, ya yi alkawarin da ba wanda ya rubuta. Da aka kai shi teburi ya duba hagu da dama: "To ina mutum-mutumin?" Aka nuna masa. Ransa bai so ba, domin shi mai kai da ƙafafu ya zo gani, wanda zai miƙo hannu su gaisa a ɗauki hoto.

Abokinsa kuwa bai ga abin burgewa ba. "Mu da kara da langa-langa muka yi mota, har da ƙofa mai buɗewa, ba wanda ya ba mu kofi." Daga nan ya haura tarihi: ai tun 1206 al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori masu motsi da kansu, har da agogon giwa da mai zuba ruwan wanke hannu. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Hannun da ya lanƙwasa langa-langa ya yi taya ba abin rainawa ba ne. Sai wata yarinya ta miƙo masa na'urar cikin ladabi: "Baba, ko za ku gwada mana?" Nan take ya tuna bai yi la'asar ba.

Mai Fasfo

Wannan ba na'ura ce ta kawo shi ba, jirgi ne. Ya ji cewa zakaru na zuwa babbar gasa a Houston ta Amurka, tun daga nan ya fara tambayar ko ana sanyi a can. Malam ya tuna masa da 2017, lokacin gasar FIRST Global ta farko a Washington, da aka hana 'yan matan Afganistan biza har sau biyu, aka hana 'yan Gambiya, sai daga baya aka bar su suka shiga. Yaro ya ce ai daga baya sun shiga. Ƙungiyarsa ce ta biyu daga ƙasa, amma jakar tafiyarsa na nan a shirye.

Sarkin Tsinto

Shi ne mafi ƙanƙanta a ƙungiyar ɗan ƙanwata, aikinsa ƙirga kaya. Akwatin daga waje ake sayo shi da dala, abin da ya ɓata ba a samunsa a kasuwar unguwa. Ranar nan tun safe yana rarrafe ƙarƙashin kujeru, domin wani ɗan faifai mai haƙora 24, irin wanda makanikai ke kira giya, ya yi ɓatan dabo, kuma in babu shi hannun na'urar ba ya ɗagawa. Ya ɗaga ƙafar kowa, har ta Babban Baƙo. Ya zargi Bari In Ɗan Taɓa, ya zargi mai shara. Ni ma na taya shi faɗa, na ce yaran yanzu ba su san darajar kaya ba.

Mai Littafi

Tana ƙungiyar da za ta kara da ta ɗan ƙanwata. Ba ta da surutu, littafi ne a hannunta: gwaji na nawa, batir na kan nawa, ina aka kauce, da santimita nawa. Ita ce ta zana ɗan ma'auni na bulo da ake jingina na'ura da shi, don ajiyar yau ta zama irin ta jiya. A teburinsu ban ji rantsuwa ko ɗaya ba. Wani a bayana ya ce wannan ai ba harkar mata ba ce. Da ya san 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe a Gana sun je Michigan a 2019 sun ciyo gasar Robofest ta duniya, da ya adana bakinsa.

Ta ga Sarkin Tsinto na share hawaye, ta buɗe akwatinsu ta miƙa masa giya, ta rubuta a littafi cewa aro ne. Marigayi Woodie Flowers, farfesan jami'ar MIT da ya yi aiki da Kamen, ya daɗe yana koya wa masu wannan gasa cewa a fafata da gaske, a kuma mutunta abokin karawa. Mu a nan sunan abin maƙwabtaka. Ƙungiyarta ta doke tamu duk da haka, ta kuma dawo ta karɓi giyarta.

Kawu

Saura mutum ɗaya. Ya zauna a kujerar gaba da biro, yana kallon kowa yana murmushi, yana raba wa bayin Allah sunaye. Ya koma gida da daddare, ya cire riga zai rataye, sai wani abu ya faɗo daga aljihu ya gangara ƙarƙashin gado. Ya durƙusa ya ɗauko, ya kai kusa da fitila ya ƙirga haƙoran. Ashirin da huɗu cif.

Laifi tudu ne. Washegari na kai wa ɗan ƙanwata abinsa, na ce a hanya na tsinta, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya juya shi a tafin hannu, ya dube ni, ya ce, "Kawu, shekara mai zuwa Abba zai raka ni."