Kawu Ya Yi Ƙiba a Kwamfuta

Na kai hoton kawuna wani shago a faɗaɗa shi don kalandar biki. Yaron shagon ya buɗe Photoshop, ya shiga girman hoto, ya cire 'yar sarƙar da ke ɗaure tsawo da faɗi, ya ja. Kawu, siriri kamar sillen kara, sai ga shi ya koma tulu, hularsa ta zama faifai.

Na ce, "Samari, tabarma za ka ƙara masa, ba tuwo ba!" A Photoshop, girman fage shi ne tabarmar: in ka ƙara, fili ne ke ƙaruwa a gefe, mutum na nan yadda yake. In ka rage kuwa almakashi ne, kunne na iya tafiya.

Kawu ya leƙo, ya ga kumatu, ya ce a bar masa abinsa. Shi aka buga.