Na Nemi Kuɗin Shara, An Aiko Mini Da 'Yar Shara

Taubashiya, 'yar kawuna ta Zazzau, ina gaisuwa irin ta wanda aka zalunta bai da inda zai kai ƙara sai shafin jarida. Kin san al'ada, ba ni na ƙago ta ba: idan watan Cika-ciki ya kwana 10, 'yar namiji takan ba ɗan mace kuɗin shara. Mahaifinki wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka maganar ba ta bukatar alƙali. Shekara uku ke nan ina bin ki. Bana da na matsa lamba, kika ce in je tasha in karɓi saƙo wurin direban motar Zariya. Na tafi da saurina, har ina lissafin tsiren da zan tsaya in ci a hanyar dawowa. Direba ya miƙo mini ƙunshi cikin baƙar leda, mai laushi, ba nauyi. Na buɗe, sai ga riga. Ni na ce kuɗin shara, ke kuma kunnenki ya jiyo miki 'yar shara.

A ciki har da guntuwar takarda: "Bawana, ga rigan nan, da hannuna na ɗinka shi." Rigan! Shi! Shekara huɗu kina zirga-zirga a jami'ar Samaru, amma har yau riga namiji ce a bakinki. Ban ga laifinki ba, garinku ne haka, inda mota namiji, kaza namiji, amarya ma idan aka kawo ta sai ka ji an ce ya iso. Na san za ki ce ai uwata ma Bazazzagiya ce. To, ita Allah ya cece ta da wuri, aka auro ta Kano tun tana yarinya, bakinta ya warke.

Bari in ba masu karatu labarin rigar dalla-dalla, kada a ce sharri na yi miki. Ƙyallen saƙar hannu ne, irin siririn nan na masaƙa maza wanda faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Kika jera shi falle-falle, kika haɗa da zare da allura, kika yi kalmasa a gindi, kika ɗora aljihu a ƙirji da ɗan aiki a kansa. Daga nesa sai a ce madalla. Da na zo sawa ne aka fara rigima. Na zura kai, kai ya ƙi wucewa. Na ja, riga ta tsaya a kan kunnuwana, ba gaba ba baya, ina cikin duhu ina salati. Uwargida ta riƙe gefe ɗaya tana ja, yara sun kewaye ni suna tuntsira dariya, autan ma har da tafi. Da ƙyar kan ya ɓullo, kunne ɗaya a naɗe. Na kira ki a waya in kai kuka, kika ce ba wuyan riga ne ya matse ba, Kanawa ne da girman kai. Sai daga baya ƙanwarki ta fasa ƙwai: ashe ba ki taɓa ɗora mini tef ɗin awo ba, da hoton bikina na shekara shida da suka wuce kika auna ni, lokacin ina siriri kamar sillen kara, gurasar Jakara ba ta fara aikinta a jikina ba.

Sai aljihu. Bakinsa yatsu uku kawai yake ɗauka, shi ma sai an lallaɓa. Na ce wannan fa? Kika ce da gangan kika yi, wai ba amfanin ɓata ƙyalle tunda hannun Bakano ba ya shiga aljihu. Na haɗiye wannan, don na lura kwana kika yi kina shirya amsar.

Abin da ban haɗiye ba shi ne rinin. Na sa rigar da safe, kafin azahar farar singiletina ta koma shuɗiya, wuyana ya yi shuɗi, kujerar motar abokina da ya rage mini hanya ita ma ta samu rabonta. Kika ce ai haka shuni na ainihi yake, Buzaye ma kuɗi suke sawa su sayi rawanin da zai zuba musu a fuska. Gaskiya ne, amma nasu ɗan Kura ne, wanda aka rina aka kai mabuga aka buga masa garin shuni da sanduna har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe, kuma mai sayensa ya san abin da ya saya. Naki kuwa garin rini ne na ƙulli daga kasuwa, kika dama a bokitin wankin Inna, kika tsoma sau biyu, kika yi ƙyuyar ɗauraya. Da kin sauke naki girman kan kin zo Ƙofar Mata, inda allon bakin marina ya ce tun 1498 ake aiki, da kin ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini a bar su kwanaki su nuna. Marini yakan tsoma ƙyalle ya ɗago shi ya sha iska, ya fito kore-kore ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kama. Amma ina, Bazazzagi ya gwammace ya rina ɗan uwansa da ya tambayi Bakano hanya.

Kawu ya ba ni labarin ɗakinki, yana yi yana girgiza kai. Ya ce ya saya miki keken ɗinki sabo fil, Butterfly, mai ƙafa, wanda ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Kika lulluɓe shi da zane kika mai da shi teburin littattafai, wai ke aikin hannu kike yi. Ya ce ba a shiga ɗakin ba takalmi saboda allurai. Wata uku kina saƙa da kwarashi, kika saƙa wa kowa hular sanyi a tsakiyar bazara, filas ɗin shayi ma sai da aka yi masa riga. Daga nan kika koma jakar duwatsu, duwatsun suka watse a tsakar gida, kaji suka yi ta tsattsaga suna zaton gero ne. Sai zanen lalle, wanda ya ƙare da duk wata yarinya a layinku tana yawo da fulawa a tafin hannu, wasu fulawar ta fi kama da gizo-gizo. Yanzu kuma an ce kina aikowa Ƙofar Wambai a sayo miki wandunan jins na gwanjo kina farke su kina yin jakunkuna. Kin ga, ko tsumma kike nema sai kin biyo ta Kano. Abin da ya fi yi wa kawu ciwo shi ne tsohuwar shaddarsa ta Sallah, wadda ya ajiye a ƙasan akwati. Ya neme ta ya rasa, sai ya gan ta rataye a kafaɗar ƙawarki, an sa mata zif.

Duk wannan bai dame ni ba kamar sunan da kika laƙaba wa kanki a Instagram. Wai dizaina. Na ce tela, kika ce Allah ya kiyaye, tela ɗinki yake yi, ke kuwa tunani kike yi kafin ɗinkin. Wato dai tela da kai a rufe yake yanka. Kin liƙa hoton Alphadi a bango, mutumin Nijar ɗin nan da ya tara masu ɗinki da masu tallan kaya na duniya a cikin rairayin Tigidit kusa da Agadas a 1998, ya buɗe bikin da ake kira FIMA. Buri ba laifi ba ne. Sai dai shi ya iya kai duniya cikin sahara, ke kuwa kai ɗaya tak kika kasa fitarwa ta wuyan riga.

Kuma abin dariyar, wannan aikin hannu da kike ɗauka sabon abu ne da kika tsinto a wayar salula, a bayan gidanku yake kwance tun kafin a haifi kakanki. Ba na son yabon Zazzau, yana sa mini ƙaiƙayin maƙogwaro, amma ko a Kano an san idan ana maganar aikin babbar riga, birninku ba ya baya. A can rabon aikin da kike taƙama da shi ya daɗe: akwai mai zane, sau da yawa malami ne mai hannun rubutu, shi zai fitar da aska takwas ko aska biyu a kan ƙyalle, da tambari da gidan biyar. Sai mai aiki ya zauna a zaure ya bi zanen da zare, ɗinki bayan ɗinki, wata da watanni. Sai wanda zai haɗa riga ya sa mata shafi, sannan mabugi ya karɓa. Zaren ma akwai na tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi na daji, ga alharini da fatake suka riƙa kawowa ta sahara a da. Aikin maza ne a da, sai wajen shekarun 1970 matan cikin birni suka shigo shi daga ɗakunansu, har ya zama abin da da yawa ke rufa wa kansu asiri da shi. Kin ga ashe dizainoni sun cika unguwarku, ba su dai da Instagram ne.

Mu kuma namu ba sai an faɗa ba, amma zan faɗa don ki ji haushi. A 1851, shekarar da wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi wa keken ɗinkinsa rajista, a shekarar ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya tarar tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus da Timbuktu, duk aikin hannu, ba keke ba inji. Yau ki shiga Kantin Kwari ki duba, yawancin abin da aka jibge daga Sin aka loda shi, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da yin shiru. Idan na tuna wannan sai hannuna ya ɗan yi sanyi wajen zolayarki. Kaɗan dai.

Sauran labarin ba na so in faɗa, amma tunda abin ya faru a gaban mutane, gara ki ji daga bakina. Bayan an wanke rigar sau huɗu ta daina zuba, uwargida ta ɗan tsaga wuyan ta baya, na sa ta na shiga Kasuwar Kurmi wajen masu huluna. Wani dattijo da ke zaune a rumfa, tabarau a kan hanci, ya yafuto ni. Bai ko amsa sallamata da kyau ba ya kama gindin rigar ya juya cikinta waje. Ya bi haɗin falle-fallen da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai duba layin karatu. Ya ja ƙyallen ta gefe biyu ya ga ɗinkin bai buɗe ba. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce wata baiwata ce a Zariya. Ya ce tsohuwa ce? Na ce ko aure ba ta yi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce tazarar ɗinkin daidai take tun daga sama har ƙasa, kuma ba ƙulli ko ɗaya da ya fito fili, rabon da ya ga yaro ya zauna wa irin wannan ya manta. Ina shirin jin haushi sai ya kai kan aljihu, ya sauke tabarau ya ce, amma waɗannan asake biyu, ko kan jariri ba za su aske ba, ɗaya ta karkace ɗaya ta yi ƙiba kamar wuƙar fawa. Nan na samu sauƙi a zuciyata.

Ya taya rigar a jikina. Na rantse miki ya taya, kuma kuɗin ya fi kuɗin shara na shekara uku nesa ba kusa ba. Ban sayar ba. Kada ki yi saurin cewa ƙauna ce, na ga alamar idan na koma mako mai zuwa zai ƙara ne. Da na tambaye ki kwana nawa kika yi kanta kika ce 19, bayan wanda kika warware kika sake sau biyu, sai na zauna na raba tayin dattijon gida 19. Abin da ya fito a rana ko kwanon faten da kuke sha safe da yamma ba zai cika ba. Na fahimci dalilin da telolin unguwarmu suka rungumi keke da injin aiki, suna karɓar ɗinkin Sallah na mutum hamsin, daren Sallah su kashe waya. Ke kuwa mutum ɗaya kika ɗauka, kika ba shi kwana 19, kika tashi kika ba da kyauta. Da Bakanuwa ce ke da tuni dangi sun zauna a kanki.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke, ni da nake bin bashi. Riga ta shiga hannu, amma riga ba kuɗi ba ce, bashin shekara uku yana nan, na bana ya hau kai. Ki nemi ɗaya daga cikin tsofaffin matan unguwarku ki durƙusa ta koya miki fitar da bakin aska, ki bar bokitin Inna ya huta. Na aiko da awon kaina a jikin igiya, na ƙulla daidai inda ya tsaya, kada ki ce ba a faɗa miki ba. Ina son hula kafin babbar Sallah, kuma ba ta kwarashi ba, ni ba filas ba ne. Rigar kuma tana hannun direban da ya kawo ta, zai iso gobe da hantsi. Ki faɗaɗa bakin aljihun daidai yadda kuɗin shara za su shiga. Maganar fitowarsu ki bar mini.